Suman Habu da Kwandon Likita

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne mai lafiya, mu aro yake ba mu. Ni ban yi boko ba, takarda ko an juya ta ƙasa sama ban sani ba. Hadiza, matar ɗana Habu, ita ke riƙe da biro, ni ke faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara min magana. Dalilin rubutun shi ne, tun da aka ga Habu ya koma gona mata ba su fasa sallama a gidan nan ba, kowace tana tambayar wane magani muka yi. Na gaji da maimaitawa. Wanda yake da mai yawan suma a gida ya sa a karanta masa.

Mu mutanen bakin kanal ne, wato babbar hanyar ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Da mahaifin su Habu ya rasu aka raba gonakin ruwa, Habu ya sami wadda ke jikin kanal ɗin. Da damina shinkafa, da rani tumatir da albasa. Ba shi da wata sana'a, ba ya kuma son wata. Yayansa ɗan farina ne, ba na kama sunansa, Alhaji muke ce masa. Shi ya bar noma tuntuni yana dillancin kayan gwari, shi ne ma ya fara riƙe wayar hannu a unguwarmu shekarun da ta shigo.

Abin ya fara ne a ƙarshen rani, ranar ɗibar tumatir, rana ta take. Habu ya daɗe a sunkuye yana gyara bakin kwanduna, ya miƙe zai yi ciniki da mai mota, sai ya sulale ƙasa. 'Yan ƙwadago suka ɗago shi suka jingina shi da kwando, suka sheƙa masa ruwa. Da ya farfaɗo aka ce rana ce ta buge shi. Ni ma haka na ce, na dama masa fura mai sanyi, maganar ta wuce.

Ba ta wuce ba. Bayan 'yan makonni ya faɗi a sahun Juma'a, a waje, inda rumfa ba ta kai ba. Ya ƙara faɗuwa a layin injin casar shinkafa. Daga nan baki ya buɗe. Aka fara cewa farfaɗiya ce. Ba wanda ya faɗa a gabana, amma ina da ido. Na ga maƙwabciyarmu ta karɓi moɗar da ya sha ruwa ta ajiye ta gefe guda. Na ga abokan da suke cin tuwo tare a ƙofar gida sun fara samun uzuri.

Ni kuwa na taɓa ganin mai farfaɗiya, kuma na ga faɗuwar Habu da idona wata rana a tsakar gida, yana tashi daga zazzaɓi. Ba kumfa, ba jijjiga, ba fitsari. Fuskarsa ce ta yi fari kamar an shafa toka, gumi ya keto masa, ya yi hamma, ya tsaya ƙiƙam yana kallon bango, sannan ya zube. Kafin Hadiza ta kawo ruwa ya buɗe ido yana tambayar me ya faru.

Shawara kuwa mun sha ta. Ƙanwata ta ce iskokin kanal ne, a yi turare. An yi. Wani ya ce jini ne ya yi masa yawa, a yi ƙaho. Wani ya ce jini ne ya yi masa kaɗan, a ba shi hanta da alayyafo. Rubutu ya sha, wannan ban hana ba kuma ba zan hana ba. Mai kemis ɗin bakin titi ya ce taifot ne, ya rataya masa ƙarin ruwa a ƙusa, ya haɗo shi da ƙwayoyi cike da leda. Muka je asibitin ƙaramar hukuma aka ɗebi jini, aka ce ba suga, ba hawan jini, ba su ga komai ba, suka ba mu takardar zuwa Kano. Ranar da aka sa mana tana da nisa. Kafin nan akuyata ɗaya ta tafi, buhunan shanshera, shinkafar da ba a casa ba, da nake turarawa in sayar su ma suka fara raguwa.

Ana cikin jiran nan, shinkafa ta fara ciki, ya je ban ruwa shi kaɗai. Ya durƙusa a bakin kanal yana jawo ruwa da tiyo, ya miƙe, sai ya kifa. Rabin jikinsa na sama ne ya shiga ruwa. Allah ya sa Malam Garba, maƙwabcinsa na gona, yana kusa, ya finciko shi ta wuyan riga. Aka kawo min shi a babur, an sa shi a tsakiya, laka har cikin kunne.

Ranar Alhaji ya zo muka zauna. Ya ce ba gona, ba babur, na ce na yarda, na kuma ƙara nawa. Ba zuwa Juma'a sai da ɗan rakiya. Ba shiga wanka a sa sakata. Ba ɗaukar 'yarsa mai shan nono, kada ya faɗi da ita. Ni na tsare ƙofa, na mayar da wurin turarar shinkafata kusa da zaure don in ga shiga da fita. Ba na neman gafarar kowa a kan wannan. Duk uwar da ta wanke rigar da ya faɗa kanal da ita da hannunta haka za ta yi.

Sai faɗuwa ta tsaya. Wata ya zo ya wuce, wani ya biyo baya, ko sau ɗaya. 'Yan ƙwadago suka yanke masa shinkafa, aka kawo buhuna gida yana zaune. Masu dubiya in sun ce, "Habu, ya jiki?" sai ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Har ƙiba ya yi. Na ga dai wasu abubuwa. Mutumin da kullum sai ya yi wa Hadiza ƙorafin gishirin miya, ya koma duk abin da aka ajiye masa ya ci ko ya ture. Batirin rediyonsa ya mutu bai ce a sayo ba. In babura sun wuce da safe da fatanyu a ɗaure, sai ya juya fuska bango. Na ɗauka duk cikin ciwon ne.

Da aka fara maganar zuba irin tumatir, Alhaji ya zo da shawara. Ya sami wani mutumin Dawakin Kudu da zai karɓi gonar haya na rani uku. Da kuɗin sai a kafa wa Habu tebur a ƙofar gida, sabulu da ashana da omo, yana zaune yana ciniki ina kallonsa. Na ga hankali a ciki. Habu da aka tambaye shi ya ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne." Na ce to a bari mu dawo daga Kano, tunda ranar ta kusa, sai a ba mutumin amsa.

Kano kuwa, wanda bai shirya ba kada ya je. Zuwan farko kati kawai muka yanka, muka wuni a benci. Yarinyar da ke ba da katin ta jefo min shi ba ta ko ɗago kai ba, sa'ar jikata. Zuwa na biyu aka manna masa wayoyi a ƙirji, inji ya zano wata doguwar takarda, aka ce mu biya can, mu dawo nan, mu koma can. Ku tafi da abinci da buta da tabarma. Sai a zuwa na uku muka ga likitan da aka turo mu wurinsa.

Yaro ne, bai girmi Habu ba. Ya kwantar da shi ya auna jini, ya tsayar da shi ya sake aunawa. Ya tambayi yadda faɗuwar take, na ba shi labarin tokar fuska da gumi da hamma, yana ta rubutu. Ya ce zuciya lafiya lau, kuma ba farfaɗiya ba ce. Na ce ya sake faɗa, ya sake. Ya ce wasu mutane haka jikinsu yake, in sun daɗe a tsaye, ko sun miƙe farat ɗaya cikin zafi ba ruwa a ciki, jini sai ya gangara ƙafa ya bar kai.

Na ce, "To alhamdu lillahi. Ai ma ya warke, likita, tun damina bai faɗi ba."

Ya dubi Habu. "Yaushe rabonka da gona?"

Na ce, "Mun hana shi."

"Babur fa?"

"Shi ma."

Ya ajiye biro. "Iya, na ji naki, kuma ya yi min amfani ƙwarai. Yanzu nasa nake so in ji."

Ban ji daɗi ba. A gidanmu in babba yana wuri shi ke ba da amsa. Amma na bar shi ya yi tambayarsa.

Ya ce duk mai irin wannan suman da ya zo wurinsa sai ya yi masa waɗannan tambayoyi, domin yawan faɗuwa kaɗai ba ya nuna masa yadda mutum yake. Ya tambaye shi barci, ya tambayi cin abinci, ko yana zama cikin abokai, ko yana fita shi kaɗai, ko tsoron faɗuwa yana hana shi abin da yake so. Kowace tambaya Habu sai ya ce, "Da sauƙi," ko ya ce, "Mun gode Allah."

Likitan ya yi murmushi. "Godiya ga Allah dole ce, ni ma ina yi. Amma Malam Habu, duk wanda ya shigo ɗakin nan da sauƙi yake ce min, har wanda aka turo a kan gado. Me kake nomawa?"

"Tumatir."

"Yawwa. To a ce zaman duniyarka kafin ciwon nan kwando ne cike, an ɗaure baki. Aikinka, iyalinka, jama'arka, barcinka, duka a ciki. Yau in na leƙa kwandon, ina zan tarar da kayan?"

Habu ya saci kallona. Likitan ya ce ko Iya za ta ɗan jira a waje. Na ce ƙafata ƙafarsa. Habu ya ce, "Ta zauna." Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa, sannan ya ce, "Ko gindin kwandon bai rufu ba."

"Lokacin da kake faɗuwa kana zuwa gona fa?"

"Ya haura rabi sosai." Ya ɗago kai. "Likita, faɗuwar nan kafin a kawo ruwa na tashi. Zaman nan kuwa, in gari ya waye ban san me zan yi da shi ba. 'Yata ta fara rarrafe, in ta nufo ni sai a ɗauke ta."

Tun yana yaro ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan a gabana ba.

Likitan ya tambaye shi ko yana jin zuwan abin. Ya ce kullum. Ido ya fara duhu, kunne ya ɗauki ƙara, ciki ya juya.

"To me kake yi in ka ji?"

"Sai in dake. In cije."

"Me zai hana ka kwanta?"

Habu ya dube shi kamar ya yi saɓo. "A gaban 'yan ƙwadagona? Ni da gonata, tsakar rana, in miƙe a ƙasa? Ko a cikin sahu? Ai sai a ce na zama mace."

"To ka ji ciwonka," in ji likitan. "Kunyar kwanciya ce take kai ka ga faɗuwa."

Maganinsa ke nan. Da ya ji alama ya kwanta a inda yake, ya ɗora ƙafa a kan wani abu. Ya karya kumallo kafin ya fita, ya daina fita da goro kawai a baki. Ya yawaita shan ruwa, kada a rage masa gishiri tunda ba shi da hawan jini. In ya daɗe a sunkuye ya miƙe a hankali. Kada ya tsaya bakin kanal shi kaɗai. Babur a dakata tukuna. In kuma ya faɗi, kada a zaunar da shi kamar yadda muke yi, a bar shi kwance a ɗaga ƙafafunsa.

Na ce, "Shi ke nan? Zuwa uku, ba allura, ba ko ƙwaya?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Na ce, "In ya koma ya faɗa kanal, kai za ka zo ka ciro shi?"

Ya daina dariyar. Ya ce, "Iya, ba zan yi miki alkawarin ba zai ƙara faɗuwa ba. Zai iya. In ya zauna a gida faɗuwar za ta yi ƙaranci, wannan gaskiya ne. Amma kin ji inda ya ce kwandonsa yake. Ku za ku zaɓa."

Muka hau mota muka koma gida.

Washegari da la'asar Alhaji ya zo, wayarsa a hannu, ya ce mutumin Dawakin Kudu yana jira. Na ba shi labarin yadda muka yi. Ya ce, "Inna, likita a ofis yake zaune, bai san kanal ba. Ke da kanki kika wanke rigar nan." Na ce ban manta ba. Na sa aka kira Habu.

Na ce, "Kana son gonarka?"

Ya ce, "Ina so, Inna."

"In ka ji alama za ka kwanta?"

"Zan kwanta."

"Ƙarya kake. Na san wanda na haifa. Ranar da ka faɗi a tsakar gidan nan ba kowa sai ni da matarka, ga tabarma a ƙafarka, ka tsaya kana kallon bango. Tashi mu je."

Na ɗauki mayafina na sa shi a gaba, Alhaji ya biyo mu. A bakin hanya akwai inda mazan unguwa ke zama bayan la'asar, wajen mai shayi. Mace ba ta tsayawa a wurin, amma tsufa ya ba ni wannan damar. Wurin a cike yake, har da waɗanda suka daina cin tuwo da shi. Na yi sallama suka amsa, suna ta gyara zama.

Na ce, "Mun je Kano. An ce ba farfaɗiya ba ce, wanda ya ajiye moɗa gefe ya mayar da ita. Maganinsa kwanciya ne, shi kuma kunyarku yake ji." Na juya wurin Habu. "Kwanta a nan. Ka ɗora ƙafa a bencin nan. In ba ka iya ba yau da lafiyarka, ba za ka iya ba ranar da ido ya yi duhu, yayanka kuma ya buga wayarsa yanzu."

Alhaji ya ce a hankali, "Inna, wannan ai tozarci ne."

Na ce, "Ka yi shiru."

Habu ya tsaya. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya, ya dubi wayar da ke hannun yayansa. Sai ya cire hula ya miƙa min, ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa, ya ɗora dugadugansa a kan benci kusa da cinyar Malam Garba.

Kowa ya zuba masa ido. Can mai shayi ya ce, "A haɗa masa shayi mai kauri, ko a bari ya farka?"

Aka fashe da dariya. Malam Garba ya dubi ƙafafun ya ce, "Wallahi wannan ya fi min. Ranar da na ciro shi daga kanal sai da bayana ya yi mako yana ciwo. Kai Habu, me ake ba ka a gida ne?"

Habu daga kwance ya ce, "Hanta da alayyafo."

Na miƙa masa hularsa. Na ce wa Alhaji ya gaya wa mutumin ya nemi wata gonar. Bai ji daɗi ba, ya yi kwanaki bai leƙo gidan ba. Amma da lokacin ɗiba ya zo shi ya aiko da kwanduna.

Kada wanda aka karanta wa wannan ya ɗauka Habu ya rabu da abin. Ya ƙara faɗuwa sau ɗaya wajen cirar albasa, ya ji alama ya tsaya wai sai ya ƙarasa ciniki, leɓensa ya fashe. Alhaji ya ce, "Kin gani ko, Inna." Na ce na gani. Bayan kwana biyu Habu ya koma gona. Ban ruwa kuwa sun haɗa rana shi da Malam Garba, ba ya zuwa bakin kanal sai tare. Da muka koma Kano likitan ya sake tambayar kwandonsa, ya ce saura kaɗan a ɗaure baki. Aka ce me ya rage, ya ce babur. Har yau ban saki makullin ba, sai likita ya ce.

Shawarata gajera ce. Mai yawan suma a kai shi a duba zuciyarsa, domin likitan ya ce akwai wanda nasa daga can ne, wannan kuma ba a wasa da shi. Kada ku tsaya wajen mai kemis. In ya faɗi kada ku zaunar da shi. In kun tambaye shi jiki ya ce da sauƙi, ku amsa, sannan ku sake tambayarsa ta wata hanyar. Ina yi wa likitan nan addu'a ko da ya katse ni a gaban ɗana. Malam Garba Allah ya biya shi. Yarinyar kati kuma Allah ya shirye ta.

Abu ɗaya zan ƙara. Cikin makon dashe na kasa zama, na ɗauki kwanon fura na bi bakin kanal kamar mai kai abinci. Daga nesa na hango shi cikin 'yan ƙwadago, duk a sunkuye. Ina kallo ya miƙe, ya ɗan tsaya, ya kai hannu goshi. Na tsaya a inda nake. Sai na ga ya taka zuwa kan kunya, ya kwanta, ya ɗora ƙafa a kan buhun taki. 'Yan ƙwadagon ba wanda ya ko waiwaya, dashensu kawai suke yi. Jim kaɗan ya tashi zaune, ya sha ruwa a jarka, ya nuna wa wani layin da ya karkace.

Ban ƙarasa ba. Na juyo da furata gida, na sa Hadiza ta ba yara.